Gashi ko Motsi? Yadda Ake Jinyar Raunin Gwiwa a Wurin 'Yan Wasa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ɗan yi nisa a nazarin Hausa ya san matsayin da gwiwa take da shi a bakin Bahaushe. Idan aka ba mutum goyon baya, sai a ce an ƙarfafa masa gwiwa. Idan ya karaya, gwiwarsa ta yi sanyi. Mutum biyu suka taru a kan aiki ɗaya, haɗin gwiwa ke nan, wanda kuma ya tashi tsaye bai ɓata lokaci ba, shi ne bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ga alama tun tuni Bahaushe ya lura cewa ƙarfin mutum a wannan gaɓa yake tsayawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan gwiwa shi ne abin da ya faru a gasar ƙwallon ƙafa ta tsangayarmu a zangon da ya wuce. Wani ɗan ajinmu mai buga gefe ya zo zai yanke mai tsaron baya, ya dasa ƙafar dama zai juya, sai kawai ya zube. Babu wanda ya taɓa shi. Ya ce ya ji wani abu ya yi "ɗas" a cikin gwiwar, kafin magariba kuwa ta kumbura suntum. A daren nan kowa ya zama likita. Wani ya kawo man zafi, wani ya dafa ruwa ya tsoma tawul, wani ya ce da safe a kai shi Sabo wurin mai ɗori a ja ƙafar. Da kyakkyawar niyya muka yi, amma bayan na yi ta raka shi asibiti, sai na gane kusan duk abin da muka yi masa a daren kuskure ne. Wannan maƙala za ta yi bayanin raunukan gwiwa da 'yan wasa suka fi samu, da yadda ake jinyar su, amma ba ta ɗauke wa kowa zuwa asibiti ba.

Sunan da ya ɓatar da mu

A asibitocin ƙasar Hausa, idan aka tura majinyaci sashen da ake wannan aiki, cewa ake yi an tura shi wurin gashi, aikin kuma gashin ƙashi. Ba a rasa dalili ba. Abin da idon majinyaci ya fara gani a sashen shi ne jar fitila mai zafi da ake haska wa mutum a baya ko a gwiwa. Bahaushe kuwa ya riga ya san gashi, tun daga na mai jego har zuwa na targaɗe, sai ya raɗa wa baƙon abu sunan da ya sani. Wannan sananniyar hanya ce ta samar da kalma, mun karanta ta a aji, wato a ɗauki tsohuwar kalma a faɗaɗa ma'anarta. Sai dai a nan faɗaɗawar ta zo da illa. Ba a gasa ƙashi a wurin, zafin da ake sawa kuma ɗan taimako ne kawai na rage raɗaɗi da sassauta tsoka. Ainihin maganin motsi ne, motsin da aka auna, ana ƙara masa nauyi sannu a hankali gwargwadon yadda naman jiki yake warkewa. Wanda ya je da tunanin gashi jira yake a kwantar da shi a kunna masa na'ura. Ranar da aka ce wa abokin nawa ya ɗaga ƙafa sau 10, ya huta, ya sake, da muka fito sai ya dube ni ya ce, "Wai abin da muka biya wa kuɗi ke nan?" Shi ya sa da yawa daga masu wannan sana'a suka fi son a kira su likitocin fisiyo, sunan da zan yi amfani da shi a nan.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A 1945 wasu Turawan Ingila biyu suka fara ta a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas. A 1966 Jami'ar Ibadan ta buɗe karatun digiri a fannin, a 1988 kuma gwamnatin tarayya ta kafa hukumar da ke yi wa masu aikin rajista. A yau ana samun su a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙashi irin na Igbobi da Inugu da Dala a Kano.

Ƙirar gwiwa da rikicin kalmar jijiya

Ƙasusuwa 3 ne suka haɗu suka yi gaɓar gwiwa: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba. A gaɓar ƙugu kan ƙashi ya shige cikin rami ya zauna daram, amma gwiwa ba ta da irin wannan mazauni. Igiyoyin nama da tsokoki ne ke riƙe da ita kada ta goce. Shi ya sa yawancin raunin gwiwa a filin wasa ba karaya ba ne, shi ya sa kuma mutum zai yi hoton ƙashi a ce masa babu komai, alhali ciwo na nan.

A nan ne mai rubutu da Hausa yake shiga tsaka mai wuya, domin kalma ɗaya, jijiya, ita ke ɗauke da abubuwa 4 da likita bai taɓa haɗa su ba. Akwai wadda jini ke gudana a cikinta, akwai mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki, akwai wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, sannan akwai wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi. Idan majinyaci ya koma gida ya ce, "An ce jijiyata ce ta tsinke," babu mai sanin wacce yake nufi. Domin sauƙin bayani zan kira ta farko jijiyar jini, ta biyu jijiyar laka. Ta uku zan ara mata sunan agara, wanda mahauta suka sani sarai, ko da yake ta bayan diddige aka fi kira haka. Ta huɗu kuwa jijiyar ɗauri. Ina maraba da wanda zai kawo rabon da ya fi wannan a fitowa ta gaba.

Manyan jijiyoyin ɗauri a gwiwa 4 ne. Biyu suna gefe, ta ciki da ta waje, aikinsu hana gwiwa lotsawa gefe. Sauran biyun suna can tsakiyar gaɓa, sun gitta juna, shi ya sa ake ce musu na giciye. Ta gaba tana hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa, ta baya tana hana shi zamewa baya. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi guda 2 masu siffar jinjirin wata, waɗanda ke raba nauyin jiki kada ƙashi ya riƙa dukan ƙashi. Ban ga sunan da ya dace da su kamar gammo ba, domin aikinsu ɗaya da gammon mai ɗaukar tulu. Sai tsokoki: 4 a gaban cinya masu miƙe ƙafa, 3 a bayanta masu lanƙwasa ta. Waɗannan, da na ɗuwawu, su ne filin aikin likitan fisiyo. Ba shi da ikon ɗinke jijiyar da ta tsinke, amma yana iya horar da tsokar da za ta kare ta, ko ta ɗauke mata wani aikin.

Kwana ukun farko

Shekaru da dama ƙa'idar da aka sani ita ce wadda wani likitan wasanni ɗan Amurka, Gabe Mirkin, ya yayata a 1978: hutu, ƙanƙara, ɗaurin bandeji da ɗaga ƙafa sama. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce yawan ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa. Dalili kuwa, kumburin da ke biyo bayan rauni ta cikinsa ne jiki ke aika ƙwayoyin da za su share wurin su fara gyara. Abin da aka fi tafiya a kai yanzu shi ne a bar wasan nan take, a kare gwiwar kwana 1 zuwa 3, a dogara sanda idan takawa na sa ɗingishi, a naɗa bandeji mai talewa ba tamau ba, a kwanta a ɗora ƙafa a kan matashi ta ɗara ƙirji. Ƙanƙara don rage raɗaɗi ce. Ledar fiya wata da ta daskare ta isa, a naɗe ta a tsumma, minti 10 zuwa 15. Daga nan sai a fara motsi da takawa gwargwadon yadda ciwo ya bari.

Abubuwan da muka yi wa abokina kuwa, ruwan zafi da man zafi da murza, su ne ake hanawa a waɗannan kwanaki. Ƙananan jijiyoyin jini sun fashe a ciki, zafi yana ƙara buɗe su, murza tana ƙara tsaga abin da ya soma haɗewa.

Akwai alamun da ba a kwana da su a ɗaki. Idan mutum ya kasa yin ko da taku 4, ko ya kasa lanƙwasa gwiwa irin ta mai zaune a kujera, ana bukatar hoto a tabbatar babu karaya. Gwiwar da ta cika da kumburi cikin awa 2 galibi jini ne ya taru a cikinta, kuma a wurin ɗan wasa abin da ya fi jawo haka shi ne tsinkewar jijiyar giciye ta gaba. Wanda ya kasa ɗaga ƙafarsa a miƙe yana kwance, ana zargin agarar ƙoƙon gwiwa ta tsinke, wannan kuwa tiyata yake bukata da wuri. Idan tafin ƙafa ya yi sanyi ko ya mutu bayan gwiwa ta goce, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, domin babbar jijiyar jini ta bayan gwiwa ta bi, jinkiri kuma kan kai ga rasa ƙafa.

Jijiyar gefe da gammo

Mafi sauƙin labari shi ne na jijiyar gefe ta ciki. Takan ji rauni idan aka doki gwiwa daga waje ta lotsa ciki. Tana samun jini sosai, don haka kusan kullum takan warke ba tare da tiyata ba. Idan talewa ce kawai, mako 1 zuwa 2, idan ta ɗan yage, wajen mako 4 zuwa 6, wani lokaci da abin ɗaure gwiwa mai ƙarfe a gefe wanda ke barin ta lanƙwashe amma ya hana ta lotsawa. Irin wannan rauni ne ya fitar da Asisat Oshoala daga gasar cin kofin Afirka ta mata a Maroko a Yulin 2022, bayan wasan farko da Afirka ta Kudu, kuma a cikin shekarar ta koma buga wa Barcelona.

Gammo yakan yage idan aka murɗa jiki a kan ƙafar da ke dashe, gwiwa a lanƙwashe. Ciwon a gefen gaɓa yake, kumburin yakan zo a hankali zuwa washegari, tsuguno kuma ya gagara. Bakin gammon na waje, kimanin kashi 1 cikin 3, shi ke samun jini, don haka yagewar da ta faɗa nan na iya haɗewa ko a ɗinke ta. Ta can ciki ba ta cika haɗewa ba, amma sau da yawa takan daina damun mutum idan tsokoki suka yi ƙarfi. A da cire gammon ake yi ɗungurum, sai aka lura gwiwar da aka cire wa shi tana saurin kamuwa da amosanin gaɓa, don haka yanzu lallaɓa shi ake yi. Sai dai idan gwiwa ta kulle, ta ƙi miƙewa saboda wani ɓalli ya maƙale, wannan ya wuce atisaye, sai likitan tiyata.

Jijiyar giciye ta gaba

Wannan ita ce babban tashin hankalin ɗan wasa, ita ce kuma ta tsinke wa abokina. Kimanin kashi 70 cikin 100 na tsinkewarta ba duka ke jawo shi ba. Mutum ne zai dira ko ya ja birki gwiwa kusan a miƙe, ƙafa ta kafe a ƙasa, gwiwar ta faɗa ciki, gangar jiki ta juya. Masu kallon ƙwallo za su tuna Michael Owen a minti na farko na wasan Ingila da Suwidin a gasar cin kofin duniya ta 2006 a Jamus, yadda ya faɗi shi kaɗai ya rarrafa ya fita daga fili. 'Yan wasa mata sun fi maza haɗarin wannan rauni da ninki biyu ko fiye.

Tambayar farko da iyaye ke yi ita ce, sai an yi tiyata? Wani bincike da aka yi a Suwidin aka buga a 2010 ya raba matasa 121 masu wannan rauni gida biyu. Kashi na farko an yi musu tiyata da wuri sannan atisaye, na biyu aka fara musu da atisaye, da sharaɗin za a yi tiyata daga baya ga wanda gwiwarsa ta ci gaba da gocewa. Bayan shekara 2 ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu ba, bayan shekara 5 kuma kusan rabin kashi na biyu ba su bukaci tiyatar ba. Da aka sake duba hotunan MRI nasu, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna cewa a wasu jijiyar ma ta sake haɗewa da kanta, abin da a da ake ganin da ƙyar ne ya yiwu. Wannan labari ne mai daɗi ga irinmu da kuɗin tiyata ke yi wa nisa, amma kada a ɗauke shi fiye da yadda yake. Ɗaya rabin ai sun koma an yi musu. Gwiwar da ke ta gocewa, duk gocewa ɗaya tana iya yaga gammo, kuma mai son komawa wasan yanka da juyi sau da yawa tiyata ake ba shi shawara. A tiyatar ma ba ɗinke tsohuwar jijiya aka saba yi ba, wani yanki ake ɗebowa daga agarar mutum a dasa a madadinta.

Ko an yi tiyata ko ba a yi ba, hanyar atisayen kusan ɗaya ce. Aikin farko shi ne a sauke kumburi, a miƙe gwiwa sarai, a tayar da tsokar gaban cinya. Wannan na ƙarshe ya ba ni mamaki. Ruwa kaɗan a cikin gaɓa, abin da bai wuce babban cokali 2 ba, ya isa ya sa jijiyar laka ta rage saƙon da take aika wa tsokar. Mutum zai ce wa cinyarsa ta ɗaure, ta ƙi. Cikin 'yan makonni sai ta rame, a ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kauri. Don haka ake sa majinyaci ya zauna ƙafa a miƙe, ya danna bayan gwiwa ƙasa ya riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, sau da yawa a yini. Ana sa shi ya ɗora diddige a kan naɗaɗɗen tawul ya bar gwiwar ta sauka da nauyinta, ya kuma riƙa jan diddige zuwa ɗuwawu yana mayarwa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne cusa matashi a ƙarƙashin gwiwa lokacin barci, domin ya fi daɗi. Gwiwar da ta saba da wannan lanƙwasa takan sandare a haka, kuma dawo da miƙewar da aka rasa ya fi dawo da lanƙwasa wuya.

Bayan nan sai gina ƙarfi, wanda shi ne ke cin watanni, shi ne kuma inda yawancin mutane ke gajiya su daina zuwa. Tuka keken da ba ya tafiya, rabin tsuguno, hawa da sauka a kan matakala ɗaya, ɗaga ƙugu daga kwance, daga baya a koma yin su da ƙafa ɗaya. Ba dole sai da na'ura ba. Jakar makaranta cike da ƙamusoshi ta yi wa abokina aikin ƙarfe, robar tsohon tayar keke kuma ta zama abin ja. Ana haɗawa da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, da farko a ƙasa, sannan a kan matashi, sannan ido a rufe. Dalilin wannan shi ne jijiyar ɗauri ba igiya ce kawai ba, a cikinta akwai ƙananan masu kai rahoto ga ƙwaƙwalwa game da inda gaɓa take. Idan ta tsinke rahoton ya ragu, sai an koya wa tsokoki su riƙa farga da wuri. Ma'aunin ko an yi yawa kuwa mai sauƙi ne: idan aka wayi gari gwiwa ta ƙara kumbura, a rage nauyi a koma matakin baya.

Ga wanda aka yi wa tiyata akwai wani tarko. Tsakanin mako na 6 da na 12 ciwo ya tafi, tafiya ta daidaita, mutum yana jin ya warke, alhali a lokacin ne dashen yake da rauni ƙwarai, domin jiki na cikin sauya shi daga agara zuwa jijiyar ɗauri. Gudu a miƙe ba ya zuwa sai wajen wata na 3 ko na 4, shi ma idan babu kumburi kuma ƙarfi ya kai. Tsalle da yanka da juyi su ne na ƙarshe. Kafin a sallami ɗan wasa ana gwada ƙarfin cinyarsa da nisan tsallensa a ƙafa ɗaya, ana so mai raunin ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar. Wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin Amurka da Norwe da aka buga a 2016 ya gano cewa duk wata ɗaya da aka jinkirta komawa wasa, har zuwa wata na 9 bayan tiyata, haɗarin sake jin rauni yana raguwa da kusan rabi. Virgil van Dijk na Liverpool, da duk likitocin da ke kansa, ya ji nasa raunin a Oktoban 2020, bai sake buga wasa ba sai ƙarshen Yulin 2021. Ban ga dalilin da ɗalibi zai ce shi wata 4 ya ishe shi ba.

Duk da haka ba kowa ke komawa ba. Wani nazari na 2014 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna kimanin kashi 55 cikin 100 ne ke komawa wasan gasa bayan tiyata, kuma tsoron sake faɗuwa na cikin manyan dalilai. Wato gwiwar ta warke, amma ta yi sanyi. Shi ya sa ake mayar da ɗan wasa fili daki-daki, shi kaɗai da ƙwallo, sannan da abokan atisaye babu karo, sannan 'yan mintoci a wasa.

Akwai wani abu da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa ya shafe mu kullum. Tafiya tana bukatar lanƙwasar gwiwa ta wajen digiri 60, hawa da saukar bene wajen 90 zuwa 100, amma zaman tahiya da tsuguno a ban ɗaki suna bukatar kusan 150. Mai salla ya gaya wa likitan fisiyo wannan tun ranar farko domin a sa shi cikin tsari. Wanda aka ɗinke wa gammo kuwa akan hana shi zurfin tsuguno na 'yan watanni, sai ya yi haƙuri da salla a kan kujera.

Ciwon da ba faɗuwa ta kawo shi ba

Wasu ba su taɓa faɗuwa ba, amma gaban gwiwarsu na ciwo idan suna saukowa daga bene, ko sun daɗe zaune a ɗakin lacca. Yawanci masu gudu ne da suka ƙara nisa farat ɗaya, irin mai shirin wasannin NUGA da zai yi atisayen wata 3 a mako 2. Maganin rage nauyin atisaye ne na ɗan lokaci, tare da ƙarfafa tsokar cinya da ta ɗuwawu, domin raunin ɗuwawu na sa cinya ta juya ciki ƙoƙon gwiwa ya riƙa gogar gefe. 'Yan ƙwallon kwando da na raga kuma agarar da ke ƙasan ƙoƙon ce ke damun su saboda yawan tsalle. Hutu kawai ba ya warkar da ita, da an koma ciwon zai dawo. Nauyi take so, a hankali, na aƙalla mako 12. Wannan agara ce ta tsinke wa Ronaldo na Birazil a Afrilun 2000 a wasan Inter Milan da Lazio, 'yan mintoci bayan dawowarsa daga jinyar gwiwar. Ya shafe kusan shekara ɗaya da rabi, sannan ya ci ƙwallo 8 a gasar cin kofin duniya ta 2002.

Game da masu ɗori, ba na cikin masu raina su, sana'a ce ta gado kuma su ne kusa da talaka. Amma gwanintarsu a ƙashi take, raunin da muke magana a kai kuwa ba na ƙashi ba ne. Jan ƙafar da jijiyarta ta yage ƙara yaga ta ne, ɗaure gwiwa da kara na makonni kuma sandarewa da ramar cinya yake haifarwa. Mafi haɗari shi ne tsaga ko sakiya a kan kumburin, domin idan ƙwayar cuta ta shiga gaɓa tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Haka shan ƙwayar kashe ciwo domin a samu a buga wasan ƙarshe.

Rigakafi

A 2006 hukumar FIFA da wasu cibiyoyin bincike suka tsara wani ɗumama jiki na minti 20 mai suna FIFA 11+, mai atisaye 15. Ya ƙunshi gudu a hankali, ƙarfafa ciki da cinya, tsayuwa a ƙafa ɗaya, tsalle da koyon dira gwiwa a lanƙwashe tana saitin yatsun ƙafa ba ta faɗa ciki ba. A cikinsa akwai wanda mutum zai durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa sauka gaba a hankali yana riƙe kansa da tsokar bayan cinya. An gwada tsarin a kan 'yan mata 1,892 a Norwe, sakamakon 2008 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi 1 cikin 3. An kuma gwada shi a nan gida. Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa sun bi ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta Legas, 'yan wasa 416, kuma a sakamakon da suka buga a 2014 ƙungiyoyin da suka yi amfani da tsarin sun samu ragin raunuka da kashi 41 cikin 100. Sharaɗin dai a riƙa yin sa aƙalla sau 2 a mako.

Abokina yana wata na 5 yanzu. Ba a yi masa tiyata ba, an ce za a yanke shawara bayan an ga yadda gwiwar za ta yi idan ya fara juyi. Ya soma gudu a miƙe, makon jiya kuma ya yi zaman tahiya a ƙasa karo na farko. Ba zai buga gasar bana ba, sai muka ba shi aikin jagorantar ɗumama jikin 'yan wasan sashenmu, ranakun Talata da Alhamis da ƙarfe 4 na yamma.